Yadda na haɗa kajin Hausa da maja da 'yan Shika a akurki ɗaya

Kajin da ke bayan ɗakina ba iri ɗaya bane, kuma da gangan nayi hakan. Akwai kajin Hausa da aka kawo min daga ƙauye, akwai maja masu nama da ƙwai, akwai jajayen nan 'yan Shika masu ƙwai, sai kuma 'ya'yan da aka samu a tsakaninsu. Kusan duk wadda ta shigo gidan taga garken sai tace ai ance ba'a haɗa kajin gida da na turawa, cuta ce zata kwashe su. Akwai gaskiya a maganar amma ba dukanta ba, shi yasa nake so in faɗi yadda abin ya tafi a wajena tun daga farko, saboda ina ganin mata da yawa suna da ɗan fili a bayan gida suna da sha'awa, tsoro ne kawai ya hana su.

A ƙarshen daminar 2023 na fara, lokacin an cire tallafin mai komai ya tashi, ƙwai ya zama sai anyi lissafi kafin a soya wa yara da safe. Mu a Samaru muke nan Zariya, gidan akwai wani lungu ta baya da ba'a komai dashi sai shanya. Abu uku nake so, ƙwai na ci a gida, nama in anyi baƙi ko Sallah tazo, sannan kaji da zasu riƙa ƙyanƙyashe kansu ba sai duk bayan wata shida na je neman tsaki ba. To matsalar itace babu kaza ɗaya da take yin duka ukun nan da kyau. Burola nama ne kawai, sati shida zuwa takwas an gama da ita, in ka barta ta wuce haka ƙafa ta fara gagararta. Leyas suna zuba ƙwai amma an riga an cire musu ɗabi'ar kwanci, da wuya kaga ta zauna akan ƙwai. Ita kuma kazar Hausa uwa ce ta gaske, tana kwanci tana reno tana nemo abincinta, amma ƙwan da zata yi a shekara baifi 40 zuwa 60 ba, saboda in tayi goma sha wani abu sai ta tsaya ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, ta kuma yi wata biyu tana yawo da 'ya'ya. Da na fahimci haka sai nace to me zai hana kowacce tayi aikin da ta iya.

Maja da muke cewa a nan, yawanci Noiler ake nufi, wadda kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ya samar, kaza ce ta nama da ƙwai a haɗe, kala-kala, wasu wake-wake wasu ja wasu baƙi, tana iya kiwo a tsakar gida kamar ta Hausa amma ta fita jiki nesa ba kusa ba. Tana da 'yan uwa irinta, akwai FUNAAB Alpha da jami'ar noma ta Abeokuta ta samar aka yi mata rajista a 2018, akwai Kuroiler da asalinta daga Indiya ne, da Sasso ta Faransa. Ita kuwa Shika Brown tamu ce ta nan, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a kan hanyar Funtua ce ta samar da ita, ƙarƙashin ABU, kaza ce ta ƙwai da aka yi ta don yanayin ƙasar nan. Gaskiya abin yana min daɗi ace kaza mai kyau haka a bayan gidanmu aka yi ta, amma mutane da yawa a Zariyar ma basu san da ita ba.

Akurki na fara yi kafin komai. Maigida ya kira kafinta, muka jingina shi da katangar baya, bulo layi uku a ƙasa sauran sama duk waya ce mai ƙananan ramuka don iska ta riƙa ratsawa, aka rufa kwano aka ɗora zana a samansa saboda zafi. Ƙasan siminti aka yi, wannan na dage akai, saboda ɓera da gafiya ta ƙasa suke haƙowa kuma siminti ana iya wankewa. Abin da yafi min amfani daga baya shine rabawar da aka yi, ɗaki biyu ne da ƙofa a tsakani, sai wani ƙaramin keji daban can kusa da bakin ƙofar gida nesa da akurkin, wannan na baƙi ne da marasa lafiya. In zaki haɗa kaji iri daban daban to wannan kejin ya zama dole, kar ki ce sai daga baya. Lissafin fili da aka bani shine kaza uku zuwa huɗu a kowace mita ɗaya faɗi da tsawo, in suna fita tsakar gida da rana.

Kajin Hausa ne suka fara zuwa. Goggona da ke wani ƙauye wajen Giwa ita ta zaɓo min da hannunta, kaji uku da suka taɓa ƙyanƙyasa, ɗaya fingi ce ɗaya kuma mai wuya ba gashi, sai wata baƙa doguwa irin kajin Fulani. Da ta kawo su a kwando ta zauna tana min bayani, tace 'yar nan kar ki duba kyau, uwa ake dubawa, wannan baƙar ko shirwa ta sauko sai ta bita, waccan kuma bata taɓa tashi ta bar ƙwai ba. Nace to Goggo, amma fa a kejin can zasu fara zama sati biyu zuwa uku kafin su shiga ciki. Ranta bai so ba, tace kajina lafiyarsu ƙalau ko mura basu taɓa yi ba. Nace na sani Goggo, likitan dabbobi ne yace ko daga ina kaza ta fito sai anyi mata haka. Kuma gaskiyarsa ne, kazar da ta saba yawo a ƙauye zata iya ɗauke da cuta a jikinta ita bata nuna komai ba, tsakon da bashi da kariya shi zai kwasa. A wannan zaman aka basu maganin tsutsar ciki, aka barbaɗa musu hodar ƙuma a ƙarƙashin fukafukai, aka ɗiga musu rigakafin cutar kaji da ake kira Niyukasal a ido.

Tsakin maja kuwa a watan Oktoba suka iso. Kwali ɗaya guda 50 ne, ni kuma bana buƙatar haka, sai muka raba da maƙwabciyata. Mafi yawan tsakin da ake sayarwa a arewa daga kudu maso yamma suke tasowa, wajajen Ibadan, kwana suke a mota, saboda haka ranar da aka ce zasu zo tun daren na shirya komai. Na kewaye wani ɓangare na ɗaki ɗaya da kwali na zagaye shi ya zama babu kusurwa, domin tsaki in sun tsorata ko sun ji sanyi a kusurwa suke taruwa su danne juna har wasu su mutu. Na shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kauri, na ɗora tsofaffin jaridu a kai, na rufe wayar da tamfol amma na bar tsaga ta sama, na hura gawayi a kurfoti a waje sai da hayaƙin ya ƙare ya zama garwashi zalla sannan na shigar dashi na ɗora akan bulo. Wannan tsagar ta sama kar a raina ta, garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe tsaki kamar yadda yake kashe mutum.

Da na buɗe kwalin duk sun galabaita, wasu ido a rufe. Ɗaya bayan ɗaya nake ɗauka in tsoma bakinsa a ruwan gulukos mai ɗumi, zakiga ya ɗaga kai sama ya haɗiye, sai ya sake saukowa da kansa, in yayi haka to ya gane, sai ki ajiye shi ki ɗauki na gaba. Sai bayan kamar awa biyu na barbaɗa abinci akan jaridar, ƙarar da abincin ke yi akan takarda in ɗaya ya tsattsaga ita ke jawo sauran. Ƙa'idar zafi ance digiri 32 zuwa 35 a satin farko, ana ragewa kamar uku duk sati, amma ni banida ma'auni, su tsakin ne ma'aunina. In sun dunƙule jikin kurfoti suna kuka mai ƙarfi sanyi suke ji, in sun gudu bango suna buɗe baki zafi yayi yawa, in kuwa sun bazu ko'ina wasu na ci wasu na barci suna ɗan tsiyu-tsiyu a hankali to daidai ne, je ki kwanta. Kwanciyar ma ba ta kirki bace, a satin farko cikin dare sai an tashi an ƙara gawayi, musamman wajen ƙarfe uku zuwa asuba lokacin da sanyi ke sauka. Biyu sun mutu a kwanakin farko, tun a kwalin dama na gansu basu da ƙarfi, wahalar hanya ce. Abin ya taɓa ni sosai, ƙanana ne ƙwarai, amma sauran suka miƙe.

Maganar rigakafi ita ce nake so in daɗe a kanta, domin a nan ne kiwon gida yake rushewa. Likitan dabbobin da nake zuwa wajensa ya rubuta min a takarda na manna a ƙofar akurki: na cutar Gumboro a ƙarshen satin farko, Lasota wato na Niyukasal a sati na biyu, a sake Gumboro a na uku, a sake Lasota a na huɗu, sai na ƙurajen kaji wanda ake tsirawa a fatar fiffike wajen sati shida zuwa takwas. Yace Hajiya tsarin yana ɗan bambanta daga likita zuwa likita, amma abin da baya canzawa shine yadda ake riƙe maganin. Rigakafin nan abu ne mai rai, in yaji zafi ya mutu, kinga kenan kin basu ruwa ne kawai kina zaton kinyi rigakafi. Saboda haka da kula mai ƙanƙara a ciki nake zuwa sayowa, kuma shagon da naga firjinsu ba wuta ba janareta bana saya. Da sassafe ake bayarwa, a ɗauke musu ruwa kamar awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya ba na famfo mai kulorin ba, a zuba ɗan garin madara, a buɗe kwalbar a cikin ruwan, kuma su shanye cikin awa biyu, abin da ya rage a haƙa rami a binne.

Wahalar mai kaji kaɗan itace ƙaramar kwalba ta kaji 100 ce ko 200, ke kuma kajinki basu kai talatin ba, kuma in an buɗe ba'a ajiyewa. Abin da muka yi shine muka haɗu mu huɗu a layinmu, rana ɗaya muke yi, a haɗa a gidana a raba a robobi kowa ta ruga gida da nata. Kuɗin ya zama ba komai ba, sannan kajin maƙwabta ma sun samu kariya wanda kariya ce gareni. Akwai kuma wani na Niyukasal da ake kira I-2 na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, shi yafi jure zafi, ɗigo ɗaya ne a ido, anyi shi ne musamman saboda kajin ƙauye, ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Shi nake yiwa manyan in an samu.

Wajen sati na huɗu naga kashi mai jini-jini a ɓuntun, tsaki biyu sun sauke fukafukai sun takure. Cutar hanji ce da ake kira Koksi, tana son wuri mai danshi, kuma gefen dirinka, wato mazubin ruwansu, kullum a jiƙe yake saboda yadda suke wasa da ruwa. Dakta ya bada amfuroliyam na kwana biyar, na kwashe ɓuntun gaba ɗaya na zuba sabo, na ɗora dirinkokin akan bulo. Babu wanda ya mutu. Tun daga nan kallon kashi ya zama min aikin safe, kafin in zuba abinci sai na duba ƙasa, domin kaza bata nuna ciwo da wuri amma kashinta yana nunawa.

'Yan Shika su ne na ƙarshe, ban ɗauke su suna tsaki ba, sagaru na saya 'yan wata uku a wajen wani mai gona da ya nuna min takardar rigakafinsu. Suma suka yi zamansu a kejin baƙi. Haɗawar ce aiki. Sai da majan suka kai sati takwas sun gama manyan rigakafi sun yi gashi sosai sannan na fara, kuma ban sake su haka kawai ba, ƙofar tsakiya na cire na sa waya, suna ganin juna suna jin juna amma baki baya kaiwa, kusan sati guda a haka. Bayan nan na fara sakinsu tare a tsakar gida da yamma inda akwai wurin gudu, na watsa dawa a wurare daban daban. Abin mamaki baƙar kazar Goggo wadda majan sun kusa ninka ta a jiki ita ta zama shugaba, in ta nufo fida, wato mazubin abinci, kowa matsawa yake. 'Yan Shika su suka fi shan wahala, basu da faɗa, kullum su ake kora, har ɗaya aka tsattsage mata bayan wuya yayi jini, na cire ta nan take saboda kaji in sunga ja basa bari, na shafa mata shuɗin maganin nan na ciwo ta warke a keji. Maganin abin bai wuce ƙara fida da dirinka ba, na sa uku uku nesa da juna ta yadda mai faɗa bazata iya tsare duka ba. Cikin sati biyu kowa ya san matsayinsa aka zauna lafiya.

Har wurin kwana sai da na bambanta. Kajin Hausa sama suke so, in babu sanda zasu hau katanga ko bishiyar maƙwabta, sai na kafa musu sanda mai tsayi. Maja kuwa nauyi gare su, in suka diro daga sama ƙafa na iya samun matsala, tasu sandar bata wuce gwiwa ba.

Abinci shine ya fi cin kuɗi, kuma a waccan shekarar masara tayi tsadar da ba'a saba gani ba, buhun abincin kaji mai kilo 25 duk zuwa sai kaji sabon farashi. Satuttukan farko ban yi wasa ba, sitata, wato abincin tsaki, na kamfani zalla, domin tsako yana buƙatar furotin wajen kashi 20 cikin ɗari kuma dusa bazata bashi ba. Bayan sati takwas na koma guruwa, wato abincin masu tasowa, ina haɗawa da abin da ke gida, dusar masara da ta gero, garin ƙuli-ƙuli, ganyen zogale da na rataye musu a igiya, ragowar tuwo da shinkafa in basu lalace ba. Yara kuma suna samo gara, a cusa busasshiyar kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya a yayyafa ruwa a kife a inda gara take, washegari a juye musu, ranar zakiga murna. Abu ɗaya da bana yarda dashi shine masara ko ƙuli mai fumfuna, ko da arha ne, gubar da ke ciki tana lalata hanta kuma tana iya biyo ƙwai. Babbar kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana in a kulle take, nawa da yake suna fita kiwo da yamma basa kai haka.

Ga wani abu da sai mai garken haɗe-haɗe yake cin karo dashi. Abincin leyas yana da sinadarin ƙashi mai yawa saboda ɓawon ƙwai, wanda in tsaki ko zakaru suna ci kullum yana taɓa musu ƙoda, to ya za'ayi tunda fida ɗaya suke ci. Abin da nake yi shine kowa yaci guruwa, sai in ajiye wani kwano daban da dakakken ɓawon kawa da ake sayarwa a shagon abincin kaji, da ɓawon ƙwan gida da na gasa na daka. Masu yin ƙwai da kansu suke zuwa su ci, sauran ko kallo bai ishe su ba. A daka ɓawon ƙwan da kyau fa, in suka gane kamanninsa zasu fara fasa nasu.

Hunturu ya shigo, wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu cutar kaji, wato Niyukasal, ta faɗo unguwarmu kamar yadda take yi kusan duk shekara a wannan lokacin. Kaza tayi zawo kore, tana ƙoƙarin numfashi, wuya ya murɗe, kwana biyu an wayi gari babu. Gidaje da dama akurki ya zama wayam, wata baiwar Allah a bayan layinmu kajinta sama da ashirin ko ɗaya bata tsira ba, har kuka tayi, kuma kuɗin makarantar yaranta ne. Abin da ke ƙara yaɗa ta shine da mutum yaga kajinsa sun fara sai ya kwasa ya kai kasuwa da arha, wani ya saya ya kai gida, ga kuma lokacin bukukuwa ne kaji na ta yawo daga gari zuwa gari. Na kulle nawa gaba ɗaya, na ajiye roba da ruwan Izal a bakin ƙofa da silifas na shiga akurki kawai, na hana kowa shiga har yarana, kazar miya ma in an sayo a can waje ake yankewa a gyara. Alhamdulillahi ko ɗaya ban rasa ba, mu huɗun nan da muke rigakafi tare duk mun tsira in banda ɗaya da ta rasa guda biyu. Ina jin ciwon yadda ake cewa kazar Hausa bata buƙatar allura, wallahi tana buƙata, Niyukasal bata san ta Hausa ba bata san ta turawa ba, kuma bata da magani in ta kama, barkono da maɗaci da kafso da ake jiƙa musu basa kashe ta. Murar tsuntsaye ma da ta fara bayyana a Afirka a 2006 a nan jihar Kaduna ne, wajen Jaji, saboda haka in kaji suka fara zubewa da yawa lokaci ɗaya a kira likitan dabbobi, kar a yanka a ci.

'Yan Shika suka fara ƙwai tun kafin hunturu ya gama fita, zankonsu yayi ja yayi taushi, suna ta leƙa jarkokin da na yanka na zuba ɓuntu na jera a lungu mai duhu. Majan kuma sai farkon Maris, suna da wata biyar, daidai shigowar azumi, ƙwan farko ƙanana ne daga baya suka girma. Duk azumin nan ban sayi ƙwai ba, har ina aika wa Goggo da maƙwabta. Zakarun majan kuwa sun zama manya ƙwarai, suna ta faɗa suna damun kajin, ƙa'ida zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, sai na zaɓi guda ɗaya mai faɗin ƙirji da tsayayyun ƙafafu na bari, muka yanka biyu da ƙaramar Sallah, sauran na sayar, kuɗin ya sayi abincin wata da watanni. Yaran sun so su hana saboda sun saba dasu, babansu yace musu sabo da kaza baya hana yanka.

Zafin Afrilu shine ya nuna min bambancin jinsin a fili. Kaza bata gumi, haki take yi, majan da yake suna da jiki su suka fi jigata, baki buɗe fukafukai a sake, ƙwai ya ragu ɓawonsa yayi laushi. 'Yan Shika sun ɗan rage amma basu tsaya ba. Mai wuya ba gashin nan kuwa harkarta kawai take yi da tsakar rana. Ruwan randa nake basu ina canzawa sau da yawa, da bitamin a ciki, abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, na jiƙa buhunan algarara na rataya a jikin wayar.

Sai babban abin da na tara su dominsa. Baƙar kazar Goggo ta fara kwanci, ta lafe a jarka ta kumbura, in ka kai hannu ta tsattsage ka. Na riga na tara ƙwan maja da na Shika na kwanaki kaɗan, domin ƙwan da za'a sa kar ya wuce sati ɗaya, ba'a wanke shi, a ajiye a wuri mai sanyi tsinin yana ƙasa. Da daddare na zare nata na zura mata guda tara, ba'a cika mata saboda waɗannan sun fi nata girma kuma dole jikinta ya rufe duka, na yi wa kowanne alama da fensir saboda sauran kajin suna zuwa su ƙara mata sabo. Na mayar da ita ɗaya ɗakin ita kaɗai da ruwa da hatsi da kaskon toka na wanka. A kwana na goma na haska su da tocilan a cikin duhu, mai rai zakiga jijiyoyi ja sun bazu da wani duhu yana motsi, wanda ba komai kuwa fes yake, na cire biyu kafin su zama baragurbi su fashe. Ranar kwana 21 da asuba naji ƙaramin kuka daga ƙarƙashinta, na durƙusa na leƙa, ga wani ɗan kai jiƙe ya leƙo ta tsakanin gashin fiffikenta, ita kuma tana wani gurnani a hankali tana gyara zama. Bakwai ta fitar. Babu gawayi, babu tamfol, babu tashin dare, ita ce ɗuminsu ita ke koya musu ci. Aikina shine rigakafi irin na farko da sitata, da kuma kife su a babban kwando in zasu sha rana saboda shaho, sai da suka yi wata guda na bari suna bin ta.

'Ya'yan da aka samu basu fito iri ɗaya ba, kuma haka abin yake. Maja da Shika dama haɗi ne aka yi a gona, in suka hayayyafa a gida jikoki suna rarrabuwa, wani ya ɗauko girma wani ya fito tsaka-tsaki, ƙwansu ma baya kai na iyayen. Amma waɗanda zakaran maja ya haifa da kajin Hausa sun burge ni, sun fi na Hausa jiki sosai, suna da zafin nama, kuma biyu daga cikin matan da suka girma sun yi kwanci da kansu. Saboda haka tsarin da nake bi yanzu shine kajin Hausa basa ƙarewa a gidan, ko sun tsufa sun rage ƙwai in dai suna kwanci suna nan, 'yan Shika kuma ina sabunta su daga gona in ƙwansu ya ja baya bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Zakara ne bana bari ya wuce shekara, don kar ya riƙa hawan 'ya'yansa iri ya lalace. Na wannan karon da Goggo muka yi musaya, na bata majan ta kai ƙauye, ta kawo min wani jan zakaran Fulani dogo, yana kejin baƙi yanzu an ɗiga masa rigakafi, sai ya cika sati uku zai shiga.